Rege a Bakin Kogin Kaduna: Littafin Aikin Ƙungiyarmu

10 ga Yuni, 2023

A zaman daren jiya mun tsayar da magana ɗaya: za mu fitar da kundin waƙoƙinmu na kiɗan rege da kuɗin aljihunmu, babu uban gida, babu kamfani. Ni mai jitar bes aka ɗora wa riƙe littafin kuɗi da rubuta inda aiki ya kwana, saboda kar wata rana a ce wa ya kawo nawa, wa ya yi alkawarin me.

Mawaƙinmu tela ne a Tudun Wada. Mai ganga daga Sabon Tasha yake, a coci ya koyi kiɗa tun yana yaro. Mai kibod malamin firamare ne a Narayi, mai jita yana Kawo, 'yar'uwarmu mai amshi tana Barnawa, ni kuma ina gyaran waya a Unguwar Sanusi. Duk wanda ya san Kaduna, daga jin sunayen unguwannin nan ya gane abin da nake nufi. Tun rikicin shekarar 2000 mutane suka yi ta ƙaura, Musulmi suka fi tattaruwa a arewacin kogi, Kiristoci a kudanci, har aka haifi yaran da ba su taɓa kwana a ɗaya tsallaken ba. Mu kiɗa ne ya haɗa mu, kuma kowace ranar gwaji sai rabinmu sun haye gada.

Ɗakin gwajin yana Kakuri, tsohon sito ne da muka liƙa wa katifu da kwalin ƙwai a bango. Matsalar yanzu ita ce zuwa. Tun da aka sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuɗin bas da na keke suka bi ta. Janaretanmu ma yanzu sai an yi lissafi kafin a ja igiyarsa. Mun rage ranakun haɗuwa, mun tsawaita zaman. Kowa zai riƙa saka abin da ya sawwaƙa a asusu duk mako.

22 ga Yuli, 2023

Yau mun wuni kan abu ɗaya, kuma shi ne zuciyar aikin nan, don haka zan tsaya a kansa.

Rege na tushe, wanda ya kafu a Jamaika a shekarun 1970 bayan kaɗe-kaɗen ska da rokstedi, yana da wani kari da makaɗa ke kira wan-dirof. Idan ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, mai ganga ba ya taɓa komai mai nauyi a kan ɗaya. Sai a kan uku yake sauke ƙafarsa a babbar ganga tare da buga gefen ƙaramar. Jita tana sara a tsakani, gajere-gajere. Bes shi ke ɗauke da karin waƙar a ƙasa, yana tafiya yana tsayawa. Wannan gurbin da ake bari a kan ɗaya shi ne ke sa jikin mutum ya yi lilo ba tare da ya sani ba.

To mawaƙinmu ya tashi ne a kan waƙar Hausa, inda mawaƙi ke faɗowa da ƙarfi a farkon kiɗa, 'yan amshi su karɓe. Duk lokacin da ya shigo a kan ɗaya sai ya cike gurbin, kiɗan ya zama wani abu daban. Idan kuma ya jinkirta don ya bi ganga, sai ya riƙa jan gajeren gaɓa yana taƙaita dogo, har kalmomin su fita daga kamanninsu. Hausa ba ta lamuntar wannan. Hawa da saukar murya a cikin magana suna ɗauke da ma'ana, kuma idan karin waƙa ya hau inda maganar ke sauka, Bahaushe zai ji kamar baƙo ne ke rerawa.

Mai kibod ne ya kawo mafita. Ya ce kowa ya ajiye kayansa. Ya sa mawaƙin ya faɗi baitin da baki kawai, yadda zai faɗa wa abokin ciniki a shago, shi kuma yana bin hawa da saukar muryar da yatsa ɗaya a kan kibod. Daga nan muka ciro karin waƙar. Ni na gina layin bes a ƙarƙashinsa, ina barin fili duk inda kalma mai nauyi za ta faɗo. Da muka sake tayarwa, baitin ya zauna daram, ganga tana wan-dirof ɗinta, kuma kowace kalma ana jin ta. Daga yau ƙa'idarmu ke nan: magana tukuna, sannan kari, sannan kiɗa. Tsofaffin waƙoƙinmu da muka rubuta da Turanci muna kwaikwayon harshen Jamaika mun jingine su duka. Ni dai ban yi kewarsu ba. Ba muryarmu ba ce.

9 ga Satumba, 2023

Mun samu mai kalangu. Dattijo ne da ya daɗe yana yi wa mahauta kiɗa, yanzu bukukuwa sun yi masa ƙaranci tun da DJ ya shigo. Mawaƙinmu ne ke masa ɗinki, shi ya roƙe shi ya zo ya ji.

Ya zauna a bakin ƙofa bai ce uffan ba har muka gama waƙa biyu. Sai ya dubi mai ganga ya ce, "Yaro, wannan wurin da kake bari, na wa ne?" Mai ganga ya ce, "Baba, haka ake barinsa." Ya ce, "To ni ma ba zan shiga ba, zan zagaye shi." Ya rataya kalangun a kafaɗa, ya matse tsirkiyar da hammata, ya fara amsa wa mawaƙin a ƙarshen kowane layi, muryar kalangun tana hawa tana sauka kamar yadda baitin ya yi.

A rege na tushe akwai gangunan hannu na Nayabingi guda uku: babba mai riƙe ƙasa, funde mai bugun nan biyu-biyu, da ƙarama mai yawo a sama tana magana. Mun daɗe muna tunanin inda za mu samo ta ukun. Ashe aikinta ne kalangu ke yi a ƙasar nan tun kaka da kakanni. Baba ya yarda zai riƙa zuwa, mu kuma mun ɗauki kuɗin motarsa daga asusu.

19 ga Nuwamba, 2023

Wasanmu na farko a gaban jama'a, jiya da dare a wani lambun shaƙatawa a Barnawa. Ba a biya mu ba, an dai ba mu lasifika da wuta. Jama'a ba su da yawa, kuma da farko hira suke yi. Da muka shiga waƙar gada, wadda ke ba da labarin abokai biyu da aka raba wa unguwa, sai na ga wata uwa ta ajiye cokali ta juyo da kujerarta. Bayan mun sauka wani magidanci ya riƙe hannun mawaƙin ya ce shi a Tudun Wada aka haife shi, rabonsa da layinsu tun 2000.

Abin gyara: lasifikar bes ɗinmu ba ta ɗaukar fili. Rege idan ba a ji bes a ƙirji ba, rabin kiɗan ya tafi. Sayen mai inci 15 ya hau saman jerin buƙatu.

21 ga Janairu, 2024

Hunturu ya busar da fatun ganga, sun ɗaure har sautinsu ya haura. Baba yana shafa wa kalangu ɗan ruwa da tafin hannu kafin ya fara. Muryar mai amshi ta dushe, ta koma ruwan ɗumi da zuma da citta.

Babban al'amarin makon nan ba na kiɗa ba ne. Mahaifin mawaƙinmu ya ji labarin wasan Barnawa, aka kuma ƙara masa gishiri. Ya aiko a kira ni, tunda ya san iyayena. Na same shi a zaure bayan la'asar, na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Ɗana, an ce kun shiga addinin masu tukkun gashi da shan wiwi. Gaya mini gaskiya."

Na ce, "Baba, wallahi babu wanda ya canja addini a cikinmu." Na yi masa bayanin abin da na sani: Rastafari aƙida ce da ta tsiro a Jamaika bayan naɗin Sarkin Habasha Haile Selassie a 1930, a tsakanin jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka, waɗanda ke kallon Habasha a matsayin gida. Manyan mawaƙan rege da yawa mabiyanta ne, shi ya sa ake haɗa su. Amma kiɗan daban, aƙidar daban. Mu Musulmin cikinmu muna tsayar da gwaji mu yi salla, Kiristocin cikinmu ba sa zuwa ranar Lahadi da safe, kuma tun farko mun hana shan komai a ɗakin. Abin da muka ɗauko shi ne al'adar faɗa wa mai mulki gaskiya da tsaya wa talaka.

Da ya ji Habasha sai ya gyara zama ya ce ƙasar Najjashi ke nan, inda sahabbai suka fara hijira. Sannan ya ce in karanto masa baitocin. Na karanto masa waƙar gada daga farko har ƙarshe. Ya daɗe shiru, ya ce babu batsa, babu zagin kowa, amma yana da sharaɗi biyu: ɗansa ba zai bar ɗinki ba, kuma ba zai yi wasa a inda ake sayar da giya ba. Sharaɗi na biyu zai rufe mana ƙofofi da yawa a kudancin gari, domin a nan wuraren wasa suka fi yawa. Na kai wa 'yan ƙungiya. Mai ganga ne ya fara magana, ya ce, "Maganar Baba ce, mun karɓa." Za mu nemi ɗakunan taro, filayen makarantu da lambunan iyali.

17 ga Maris, 2024

Azumi ya kama tun 11 ga wata, mun dakatar da gwaji da wasa har bayan salla. Rubutu kawai ake yi.

Mai ganga ya kai mu wurin kawunsa a Makera, wanda ya yi aikin masaƙa tun yana saurayi har aka rufe ta. Masaƙar farko a Kaduna ta fara aiki a 1957, zamanin Sardauna, wasu suka biyo baya har Kakuri ta zama cibiyar atamfa da yadi a Arewa. Manyan cikinsu sun rufe tsakanin 2002 da 2007. Kawu ya fito mana da katin aikinsa a cikin leda, hoton ya koɗe, gefen ya lanƙwashe. Ya ce idan jiniya ta yi kuka lokacin canjin aiki, kekuna ne ke cika titi har mota ba ta samun hanya, kuma a layin injinsa akwai Bahaushe, Bajju, Tibi, Bayarabe da Banufe, kwano ɗaya suke ci. Ya ce audugar Funtuwa da Gusau ake kawowa.

Mawaƙinmu bai rubuta komai a gabansa ba, amma a hanyar komawa ya ce mini shi tela ne, yadin da yake yankawa kullum daga China yake zuwa, alhali ga gine-ginen nan a tsaye ciyawa ta cinye. Waƙar masaƙa za ta fara da kukan jiniya, mai jita ya ce zai iya fitar da shi da igiya ɗaya. Mun gaya wa Kawu sai ya ji ta ya amince kafin kowa ya ji.

12 ga Mayu, 2024

Ranar 11 ga Mayu, ranar da Bob Marley ya rasu a 1981, masoya rege ko'ina suna taruwa. Mun kama ɗakin taro na wata makaranta da kuɗinmu, muka sa tikiti mai sauƙi, muka buga sanarwa a WhatsApp da Facebook. Ɗakin ya cika, har aka ƙaro benci daga aji.

Abin da ya faranta mini shi ne dattawan da suka zo. Mutanen da suka yi samartaka a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da Majek Fashek da Ras Kimono ke tashe kuma kaset ɗin Lucky Dube ke cikin kowace motar haya. Duka ukun sun riga mu gidan gaskiya: Dube a 2007, Kimono a 2018, Majek a 2020. Wani daga cikin dattawan ya ce ya ɗauka rege mai makaɗa a tsaye ya mutu a Najeriya, kowa ya koma kiɗan kwamfuta. Matasa kuma kalangun ne ya kama su, wayoyi duk suka koma kan Baba.

Mun yi waƙoƙinmu ne kawai. An yi ta kiran mu yi na Jamaika, mawaƙin ya ce a yi haƙuri, na Kaduna muka zo da su. Bayan an cire kuɗin ɗaki da mai, abin da ya rage ya sayi lasifikar bes, ta hannu ce amma lafiyarta ƙalau.

14 ga Yuli, 2024

Mun fara ɗauka. Yawancin situdiyon garin nan ɗaki ne ɗan ƙarami da kwamfuta da makirufo ɗaya, an gina su ne don mawaƙi ya hau kan kiɗan da aka riga aka haɗa. Mu kuwa muna son a ɗauki ganga da bes da jita da kibod lokaci guda, muna kallon juna, domin ɗan jinkirin nan da bes ke yi a bayan ganga ba ya samuwa idan kowa ya zo daban. Sai muka yi hayar injiniya da na'urarsa mai ɗaukar layi takwas, ya zo Kakuri. Mun sa mai ganga a kusurwa an kewaye shi da katifu, janareta kuma an ja shi can bayan gida da doguwar waya saboda ƙararsa. Idan hadari ya taso sai a tsaya, domin rufin kwano ne. Damina ta kuma saki fatar kalangu, Baba yana gasa ta a gefen garwashi kafin kowace ɗauka.

A cikin makon ne wani ɗan siyasa ya aiko yaronsa. Ya ga bidiyon wasan Mayu. Zai biya kuɗin kundin gaba ɗaya, ya ƙara da sabon saitin ganga, mu kuma mu yi masa waƙa ɗaya saboda zaɓen ƙananan hukumomi da ke tafe, a kuma cire baiti biyu daga waƙar masaƙa.

Mun yi zama mai zafi. Mai jita yana da mata da yara, hayarsa ta kusa ƙarewa, ya ce waƙar yabo ai gadonmu ce, manyan makaɗan Hausa duk sun yi wa sarakuna da attajirai. Gaskiya ya faɗa, kuma ba na ganin laifin mawaƙin da ke cin abinci ta wannan hanya. Amma ni ra'ayina, waƙar da muka ɗauko daga bakin Kawu ba tamu ba ce da za mu yanke mata baiti don wani ya ji daɗi. Mai amshi ta ce idan muka yi wa ɗan jam'iyya ɗaya waƙa, rabin mutanen da suka cika ɗakin nan a Mayu ba za su sake yarda da waƙar gada ba. Baba bai sa baki ba sai da aka tambaye shi, ya ce shi ya yi roƙo shekaru, ya san wanda ya ba ka riga shi ke gaya maka ranar da za ka sa ta. Aka ba yaron haƙuri cikin mutunci. Asusu ya ranta wa mai jita abin da zai cike kuɗin haya.

10 ga Agusta, 2024

Babu aiki. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta fara ranar 1 ga wata, ranar 5 aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya, daga baya aka sassauta. Mun yi ta kiran juna a waya daga tsallake zuwa tsallake. Kowa lafiya, kayan kiɗa ma lafiya.

31 ga Oktoba, 2024

Tacewa da haɗa sauti sun tsaya cak. Fiye da mako guda yawancin jihohin Arewa suna cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan lantarki, fetur kuma ya haura naira 1,000. Injiniyan yana cajin kwamfutarsa a wani shago mai sola, ya yi aikin awa biyu da abin sauraro a kunne, batir ya mutu.

Duk da haka an gama waƙoƙi biyar cikin takwas. Mun kuma yi wa waƙar masaƙa sigar dob, salon da injiniyoyin Jamaika irin su King Tubby suka fito da shi: a janye murya, a bar ganga da bes tsirara, a riƙa jefo jita ko kalma ɗaya tana amsa-kuwwa tana ɓacewa. Da aka saka wa kalangu amsa-kuwwar, Baba ya cire abin sauraron ya dube shi, ya mayar, ya ce a sake masa daga farko.

Mun kai wa Kawu waƙarsa a waya. Ya saurara har ƙarshe, ya gyara mana abu ɗaya: a baiti na biyu mun ce aikin dare ana tashi da asuba, ya ce sai gari ya waye ake canji. Mawaƙin zai sake ɗaukar layin.

22 ga Disamba, 2024

Kundin ya fita. Kafin a sake shi mun zauna mun rubuta takardar rabon haƙƙi, kowa ya sa hannu, Baba ya dangwala. Kowace waƙa an rubuta wanda ya yi baiti da waɗanda suka yi kiɗa, asalin ɗaukar kuma mallakar ƙungiya ce, an adana ta a wuri biyu. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris 2023 ta shafi abin da ake sakawa a intanet, amma doka ba za ta raba mana gardama ba idan mu ba mu rubuta tun muna shiri ba.

Mun ɗora a Audiomack, Boomplay, YouTube da Spotify. Na san kuɗin da ke fitowa daga nan kaɗan ne ga irinmu. Hanyar da waƙa ke yawo a garin nan ita ce masu tura waƙoƙi a kasuwa da tashar mota, da Xender daga waya zuwa waya. Maimakon mu yi faɗa da su, ni da kaina na zagaya Kasuwar Bacci, Kawo da Sabon Tasha na ba su waƙoƙin masu tsabta, da sunan ƙungiya da hotonta a jiki. Tunda za ta yaɗu ko mun so ko ba mu so, gara ta yaɗu da sauti mai kyau kuma a san masu ita. Abincinmu a wasa yake.

Wani mai gabatar da shiri a gidan rediyon FM ya sa waƙar gada ba tare da ya nemi ko sisi ba. Mai jita ya ji ta a cikin keke a hanyar Kawo.

16 ga Fabrairu, 2025

Gayyata biyu sun zo daga wajen gari, ɗaya daga ɗalibai a Zariya, ɗaya daga Jos. Ta Zariya mun karɓa, za a yi kafin azumi, tafiyar yini ce kuma a filin makaranta. Ta Jos sai bayan salla, kuma sai mun tabbatar wurin ya cika sharaɗin Alhaji, mahaifin mawaƙinmu. Na nemi su turo hoton wurin da bayanin abin da ake sayarwa a ciki. A karon farko mun faɗi kuɗinmu da bakinmu, rabi kafin mu tashi, rabi kafin mu hau dandamali.

Gwiwar Baba tana damunsa, tsayuwar awa biyu ta fara yi masa yawa. Ya kawo jikansa, yaro ɗan sakandare, yana koya masa inda ake shiga da inda ake zagayewa. Mun yarda yaron zai riƙa zuwa gwajin Asabar kawai har ya gama jarrabawa. Mai ganga zai nemo wa Baba kujera mai tsayi da zai iya kiɗa a kanta ba tare da kalangun ya taɓa cinyarsa ba.

Mai ɗakin Kakuri ya ƙara kuɗin haya daga watan Afrilu. Asusu zai iya ɗaukar wata uku. Muna kuma neman mai busa, kakaki na zamani ko saksofon, domin sababbin waƙoƙi biyu suna buƙatarsa. Mai kibod ya ce akwai wani tsohon ɗan bandin 'yan sanda a Unguwar Rimi, zai je ya same shi ranar Laraba.